Hayar ɗakin saman bene a Sabon Zango

Sana'ata sayar da kayan gyaran mota ce a unguwar Abossey Okai da ke Akra, babban birnin Gana, kuma shekaru na yi ina tasowa daga wajen gari, ina kashe kuɗi da lokaci a torotoro, wato ƙananan motocin haya, safe da yamma. Shi ya sa na nemi ɗaki a Sabon Zango, inda zan tafi shago da ƙafa. Unguwar tsohuwa ce a Akra. Malam Bako ne ya kafa ta a farkon ƙarni na 20, bayan ya samu fili a hannun sarakunan ƙabilar Ga, ya taso da jama'arsa daga tsohon zango na tsakiyar gari, kuma har yau sarautar unguwar tana gidansa. Wannan tarihi yana shafar mai neman haya kai tsaye, domin mafi yawan gidajen na gado ne, kakanni suka gina, jikoki ke zaune a ciki.

Ɗakin da dillali ya kai ni an ɗora shi ne a saman wani tsohon gidan yawa. Babba ne guda ɗaya, babu bango a tsakiya, daɓen katako ne, matakalarsa kuma ta waje take. Rufin kwano ya gangaro ta gefe ɗaya har sai ka sunkuya. Ta tagar kudu iskar teku ke shigowa da la'asar. Raina ya kwanta da shi tun ban sauko ba.

Wani saurayi ɗan gidan ne ya zo da makulli, yana ta gaggawar in ba da adibas. Na ce masa sai na gaida manya. A zaure na samu dattijon gidan, na durƙusa muka gaisa, na ce, "Baba, ɗakin sama nake so, wa zan ba kuɗi?" Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ka yi tambaya mai kyau. Ɗakin nan rabon ƙanwata ne, ita za ka gani." Ashe da aka raba gado kowane ɗaki da mai shi, saurayin nan makulli kawai aka ba shi ajiya. A irin waɗannan gidaje za ka iya ba mutumin kirki kuɗinka, bayan wata biyu wani magajin ya dawo daga tafiya ya ce bai san da kai ba. Ban yarda a yi maganar kuɗi ba sai da Hajiyar ta zo da kanta, yayanta yana zaune, limamin masallacin layin ma yana wurin.

Dokar haya ta Gana, wato Doka ta 220 ta shekarar 1963, ta hana mai gida karɓar adibas da ya wuce na wata 6. Kowa a Akra ya san abin da ake yi a zahiri: shekara ɗaya, ko biyu, in ba ka da shi wani yana bayanka. Hajiya shekara biyu ta nema. Na ce, "Mma, ki duba ni, jarin shagona ne zai tafi." Muka daidaita a shekara ɗaya, bisa sharaɗin ni zan sa silin, a cire kuɗin daga hayar gaba. Dillali ya karɓi kashi 10 cikin 100, ban da kuɗin kai ni ganin ɗaki.

Da na fito da takarda, fuskar Hajiya ta ɗan canza, tana ganin kamar ban yarda da ita ba. Limamin ne ya kawo sauƙi, ya tuna mana cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni take da a rubuta bashi a kafa shaidu. Muka rubuta komai: kuɗin, ranar shiga, ranar ƙarewa, maganar silin, wanda zai gyara rufi in ya yi yoyo. Kowa ya sa hannu, na karɓi rasit. In rigima ta kai ofishin kula da haya na gwamnati, takardar nan za su fara tambaya. A ganina ma zumunci take tsarewa, domin an fi ɓatawa a kan abin da kowa ya tuna daban.

Silin ɗin da na dage a kai shi ya sa ɗakin ya zaunu. A watan Fabrairu da Maris, kwano yana mayar da ɗakin sama tamkar tanda, fanka ma iska mai zafi take juyawa. Kafintan da ya yi aikin ya bi daɓen yana soka tsinken sukurdireba a katako, inda ya nutse ya ce gara ta ci, muka canza allo uku kusa da ƙofa. Duk mai son ɗaki irin wannan ya je da kafinta kafin ya biya, ya kuma je da tsakar rana, ba da yamma ba lokacin da iska ke ruɗin mutum.

Ruwa shi ne wahalar da ba ta ƙare ba. Famfo ba kullum yake kawowa ba, ranar da ya kawo ma ba shi da ƙarfin hawa sama. Da jarkoki masu ruwan ɗorawa, waɗanda ake kira galan Kufuor, nake hawa matakala, har daga baya muka haɗa kuɗi da mutanen ƙasa aka sa tanki da ɗan inji. Wuta kuwa na nemi mitar katina ni kaɗai, domin rabon kuɗin wuta a gidan yawa yana raba maƙwabta. Banɗaki ma a tambaya tun farko, mutanen gidaje da yawa a unguwar banɗakin haya na waje suke zuwa.

Da damina ta kankama a watan Yuni na ga amfanin sama. Duk wanda ya san ambaliyar 3 ga Yuni 2015, wadda ta haɗu da gobarar gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah Circle ta ci rayuka fiye da 150, ba ya wasa da ruwan Akra. In kwalbatoci suka cika, tsakar gidanmu kan ɗauki ruwa, sai Hajiya ta aiko yara da katifu da buhunan shinkafa a ajiye a ɗakina har ya janye. Ba a rubuta wannan a yarjejeniya ba, kamar yadda ba a rubuta kunun da take aiko min da shi a watan azumi ba, ko gudummawar da ake tsammani daga gare ni in an yi suna ko rasuwa a gidan. Mai son ya rufe ƙofa kada kowa ya san shigarsa da fitarsa, matakalar waje ba za ta ba shi wannan ba, domin ta gaban zaure take bi. Da adibas ɗina ya kusa ƙarewa, Baba ya kira mu a zauren, aka cire kuɗin silin kamar yadda aka rubuta, na sabunta na wata 6.