Yaron da ya haddace jadawalin sau ya riga ya kama hanyar rabawa

A yawancin makarantun firamare da na sani, da waƙa ake koya wa yara jadawalin sau, malami ya faɗa su amsa, har yaro ya iya rera shi tun daga gidan biyu zuwa gidan goma sha biyu ba tare da gargada ba. Amma da zarar an rubuta masa 42 ÷ 6 a allo, sai ka ga ya sunkuyar da kai yana zana sanduna 42 a bayan littafinsa yana kewaye su shida-shida, kuma sau da yawa ƙirgen yakan ɓace masa a tsakiya ya fito da amsar da ba ita ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai, domin amsar tana bakinsa tun lokacin da ya rera cewa shida sau bakwai arba'in da biyu ne, sai dai ba a taɓa nuna masa cewa wannan layin da ya haddace shi ne zai fitar da shi ba.

Abin da nake fara koya wa yaran da ke hannuna shi ne su sauya yadda suke karanta tambayar. Idan yaro ya ga 42 ÷ 6, ya tambayi kansa: shida sau nawa ne zai ba ni 42? Duk layi ɗaya na jadawalin yana ɗauke da amsar rabawa guda biyu, domin wanda ya san 6 × 7 = 42 ya san 42 ÷ 6 = 7, ya kuma san 42 ÷ 7 = 6. Nakan ajiye kiret ɗin ƙwai a gabansu saboda su gani da idonsu. Ramukansa 30 ne, layi biyar kowane da rami shida, idan kuma aka juya shi ya zama layi shida kowane da rami biyar. Yaron da ya sa yatsa ya bi layukan nan ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda cewa 30 ÷ 5 da 30 ÷ 6 duk daga wuri ɗaya suka fito.

Inda gizo ke saƙar shi ne irin haddar da aka yi. Waƙa tana zaunar da jadawali a ka, ban musanta amfaninta ba, amma tana saba wa yaro da cewa ba zai kai ga takwas sau bakwai ba sai ya faro daga takwas sau ɗaya yana lanƙwasa yatsu. Rabawa kuwa tana bukatar ya ji 56 kawai, bakwai da takwas su faɗo masa a rai nan take. Saboda haka nakan yi musu tambaya a warwatse, wani lokaci kuma in faɗi sakamakon su nemo lambobi biyun da suka haife shi. Aikin bai kai yawan da iyaye suke tsoro ba: idan aka ajiye gidan ɗaya da gidajen goma zuwa goma sha biyu, aka kuma lura cewa 3 × 8 da 8 × 3 abu ɗaya ne, layuka 36 ne kacal suka rage tsakanin biyu da tara, kuma waɗanda suka fi ba yara wahala ba su wuce na gidajen shida, bakwai da takwas ba.

Lambar da ba ta cikin jadawali ma ba ta gagari wannan hanya ba. Idan aka ce a raba lemo 50 ga yara takwas, yaro zai duba gidan takwas ya ga 48 ce mafi kusa da 50 ba tare da ta wuce ta ba, sai ya ce kowa zai sami shida, biyu su yi saura. Daga nan zai gane da kansa cewa saura ba za ta taɓa kai yawan waɗanda ake raba wa ba, domin da ta kai takwas da kowa ya ƙara samun ɗaya. Haka nan tambayar da ke rikita har manya, wato dalilin da ya sa ba a raba lamba da sifili, tana warwarewa cikin sauƙi: sifili sau nawa ne zai ba da 12? Babu irin wannan lamba, tun da sifili ko sau dubu aka ninka shi sifili ne.

Ina yawan tuna wa iyaye cewa malaman da ke rabon gado da wannan ilimin suke aiki. Idan asalin mas'ala, wato yawan kason da aka kasa dukiyar, 24 ne, tumunin matar mamaci (ɗaya bisa takwas) kashi uku ne, sudusin mahaifiyarsa (ɗaya bisa shida) kuma kashi huɗu, kuma malami yakan faɗe su ba tare da ya ɗauki alƙalami ba saboda ya san takwas sau uku da shida sau huɗu. Duk mahaifin da yake da minti biyar bayan sallar magariba zai iya rubuta lambobi uku irin su 7, 9 da 63 a takarda, ya rufe ɗaya da yatsa, ya ce wa ɗansa ya faɗi wadda aka ɓoye, sannan ya sauya wadda yake rufewa.