Inda na kai a koyon tausar ƙafa don ciwon ɓarin kai

Salamu alaikum 'yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a wajena. Yanzu dai hannuna ya fara sakewa da tafiyar babban yatsan hannun nan, wato ki lanƙwasa gaɓar farko ki danna ki ɗan miƙe ki matsa gaba kaɗan kaɗan kamar tafiyar tsutsa, ba tare da kin ɗaga yatsan daga fata ba. Gefen naman yatsan ake dannawa da shi ba tsininsa ba, kuma don Allah a yanke farce tukuna.

Ƙanwata nake yi wa, ita ce mai ciwon, in ya taso mata ɓari ɗaya ne yake sara, ga tashin zuciya, haske da ƙara duk ba ta so, wani lokacin ya wuni har ya kwana. A taswirar ƙafa da muke bi, wadda ta danganta kowane sashe na ƙafa da wani sashe na jiki, babban yatsan ƙafa shi ne kai, gindinsa kuma wuya, to nan nake daɗewa. Sai na riƙe ƙafar da hannun hagu na tokare yatsan ta baya don kar ya riƙa gudu, na bi naman yatsan daga ƙasa zuwa sama layi layi, sannan na zagaye gindinsa a hankali. Daga nan na koma bayan ƙafa, kwarin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, na danna na riƙe kamar minti 1 tana jan numfashi tana saki. Wajen nan akwai zafi, nakan ga ta ɗan janye ƙafar sai na rage ƙarfi. Man kaɗanya nake sawa amma ɗan mitsitsi, in ya yi yawa yatsa santsi kawai yake yi ba ya kama komai, balle da hunturu da ƙafa ke kaushi da faso, gara a jiƙa ta a ruwan ɗumi tukuna a tsane.

Abin da na lura shi ne lokaci ya fi komai. In aka fara tun tana jin alamun, wuya ya riƙe tana ta hamma, takan samu natsuwa har bacci ya ɗauke ta. In ciwon ya riga ya kama sosai kuwa ko taɓa ta ba ta so, ni ma ba na matsa mata.

Gaskiya kuma mu daina ce wa mutane tausar nan tana warkarwa. Taswirar nan wata Ba'amurkiya mai suna Eunice Ingham ce ta tsara ta a shekarun 1930, bisa aikin wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro William Fitzgerald, kuma binciken da aka tattara har yanzu bai tabbatar da cewa tana maganin wata cuta ba. Ni abin da idona ya gani shi ne jiki yana saki, ɗakin ba haske ba hayaniya, ta sha ruwa, ta sha maganin da likita ya rubuta mata da wuri, duk tare suke tafiya. Shi ya sa muka buɗe ɗan littafi tana rubuta ranar da ya taso, me ta ci, ta yi bacci ko ba ta yi ba, ko lokacin al'adarta ne, da ranakun da ta sha magani, tunda shan farasitamol kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana jawo ciwon kai.

Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji sosai, da mai gyambo, da wanda ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ba na taɓa su, mai juna biyu kuma ta tambayi likita tukuna. Ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ko ɓarin jiki ya mutu baki ya karkace, wannan asibiti ne nan take.

Yanzu ƙananan yatsun ƙafa nake son na ƙware a kai, sun yi min ƙanƙanta yatsana yana zamewa. Waɗanda suka wuce wajen nan, da babban yatsa kuke binsu ko da manuniya?