Hunturu a Istanbul, tsakanin kwanon miya da jirgin fito

Ƙarfe takwas na safe ta gota, amma fitilun titi na nan a kunne. Da wannan Istanbul ta tarbe ni a watan Disamba. Tun 2016 gwamnatin Turkiyya ta daina mayar da agogo baya idan sanyi ya shigo, ta bar ƙasar a kan lokaci guda duk shekara, shi ya sa a tsakiyar hunturu rana ba ta leƙowa sai wajen takwas da rabi. 'Yan firamare cikin duhu suke tafiya makaranta, iyaye riƙe da hannunsu suna ta mita. Ni kam abin ya zo mini daidai, domin sai wajen bakwai ake sallar asuba, mutum ya sha barcinsa ya ƙoshi.

Aiki ne ya kai ni, na sauka wajen wani ƙanina da ke karatu a can, a unguwar Uskudar da ke ɓangaren Asiya. Harkokina kuwa duk suna ɓangaren Turai, don haka kusan kullum sai na ƙetare mashigin Bosforus. Akwai jirgin ƙasa na Marmaray da aka buɗe a 2013, wanda ke bi ta ƙarƙashin teku ya kai ka Sirkeji da ke ɓangaren Turai cikin minti huɗu. Ƙanina shi yake hawa, yana cewa jirgin fito na tsofaffi ne da marasa aikin yi. Na yarda da zama tsoho. A jirgin fito ana sayar da shayi cikin ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, ja wur, ba madara. Ka riƙe kofin ta baki kada ya ƙona ka, ka nemi gurbi kusa da bututun ɗumi, ka kalli hasumiyoyin masallatai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya daga cikin hazo. Masu taurin kai sukan tsaya a waje cikin iska suna gutsurar simit, burodin nan mai kama da zobe da aka barbaɗe da riɗi, suna jefa wa tsuntsayen teku, su kuma suna cafewa tun bai taɓa ruwa ba.

Abincin da na fi ci duk zamana ba kebab ba ne, ko da yake shi kowa ke tambayata. A bayan kasuwanni, cikin lungunan da masu ɗinki da maƙera da 'yan dako ke aiki, akwai gidajen abinci da ake kira lokanta, waɗanda aka yi su don ma'aikata. Ba a kawo maka takardar zaɓi. Kana shiga za ka tarar da manyan farantan ƙarfe jere a bayan gilashi, tururi na tashi, mai dafawa tsaye da ludayi da farar hula. Nuni kawai za ka yi da yatsa. Wannan farin wake ne cikin miyar tumatir, wancan alayyafo da niƙaƙƙen nama, ga kabeji da aka naɗe shinkafa a ciki, ga miyar adas (wani ɗan ƙaramin wake) rawaya da yankin lemon tsami a gefe. Burodi na kan tebur cikin kwando, ba a ƙirga maka shi. Abin da ya fi burge ni shi ne ana sayar da rabin faranti, ba wanda zai harare ka. Sai in karɓi rabin wannan da rabin wancan in haɗa kala uku a zama ɗaya. Kuma ba a jira ka samu tebur naka kai kaɗai. Duk inda kujera take, nan za a nuna maka, ko da kusa da wani mai gyaran takalma ne da hannunsa duk baƙin mai. Zai ɗaga kai ya yi maka fatan cin lafiya, ya koma kan kwanonsa. Zuwa ƙarfe uku farantan sun yi ƙasa, wanda ya makara sai ya ci abin da ya rage.

A wata lokanta da na saba da ita a Uskudar, dattijon da ke zaune a bakin akwatin kuɗi ya gane ni tun zuwa na farko-farko, wataƙila don ba baƙi da yawa irina. Da na zo biya sai ya zuba mini turaren lemon tsami a tafin hannu, ya ce, “Ɗana, ba ka sha shayi ba. Koma ka zauna.” Shayin bayan abinci kyauta ne a wurinsa, kuma ƙin sha kusan rashin kunya ne.

Wake kuwa yana da fadarsa. A gaban masallacin Sulaimaniyya, wanda maginin nan Sinan ya gina wa Sarki Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, akwai jerin shaguna a jikin tsofaffin gine-ginen makarantun masallacin, kusan dukkansu wake suke sayarwa. Ana dafa shi a hankali da man shanu har ya yi laushi ba tare da ya fashe ba, a ɗora busasshen barkono ja guda ɗaya a sama, a kawo shi da shinkafa da kayan lambu da aka jiƙa a ruwan tsami. Na ci shi bayan sallar Juma'a, a waje, ƙarƙashin rumfar leda, ruwan sama na ɗiga a gefen takalmina. Kabarin Sinan ɗin yana nan a kusurwar titin, ɗan ƙarami, idan ba a nuna maka ba sai ka wuce shi.

Hunturu lokacin hamsi ne, wani ɗan mitsitsin kifi da bai fi tsawon yatsa ba, wanda ake kamowa daga Baƙin Teku. Dokar ƙasar ta buɗe wa manyan jiragen masunta kamun kifi daga 1 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu, sauran watannin a bar kifi ya hayayyafa. A kasuwar Kadikoy masu kifi na shimfiɗa shi a kan jajayen trey, suna yayyafa masa ruwa don ya yi ƙyalli, suna kiran masu wucewa da iya ƙarfin muryarsu. A gidan abinci sai a tsoma shi cikin garin masara, a jera a kasko kamar hannayen agogo, a soya gefe ɗaya a kifa shi gaba ɗaya. Da hannu ake ci, har da ƙaya, da ɗanyar albasa da ganye. A kan gadar Galata ma masu fatsa ba sa fashi, ko ana ruwa ko ana iska, kowa da bokitinsa da ɗan gwangwanin wuta yana gasa yatsu. Na tsaya na leƙa bokitin wani, ƙananan kifaye ne da ba za su cika kwano ba. Ga alama ba don kifin yake zuwa ba.

Mutanen birnin sun san iska kamar yadda suka san maƙwabtansu. Poyraz daga arewa maso gabas take busowa, ita ce mai sanyin da ke ratsa ƙashi. Lodos kuma daga kudu maso yamma, da ɗumi take zuwa, amma ita aka fi tsoro. Tana tayar da tekun Marmara, a soke jiragen fito, mutane su yi ta kukan ciwon kai da kasala. Hukumomi har gargaɗi suke yi wa masu murhun gawayi su kashe shi kafin su kwanta, domin iskar tana danna hayaƙi ya koma cikin ɗaki. Wata rana da yamma na iso tashar jiragen fito ta Eminonu na tarar an rufe ƙofa, teku na watso ruwa har kan dakali. Duk taron ya juya zuwa Marmaray, muka cushe a ciki kamar ba za a numfasa ba. Ƙanina da ya ji labari dariya ya yi ta yi.

Abin sha biyu ne na sanyi, kuma da zarar bazara ta matso sai su ja baya. Salep madara ce mai zafi da ake kaɗawa da garin saiwar wani furen daji, a barbaɗa kirfa. Furen ya yi ƙaranci har ƙasar ta hana fitar da saiwar waje, kuma yawancin abin da ake sayarwa a titi garin kwaikwayo ne mai sitaci. Ko na kwaikwayon ma yana ɗumama ƙirji. Boza kuma da sanyinta ake sha. Gero ne aka dafa aka tace aka bar shi ya yi ɗan tsami, kaurinta kamar kunu, har sai da cokali. Mun je shagon da ya fi suna a unguwar Vefa, wanda ke nan tun 1876. Dokin ƙofar na marmara ya lotsa saboda sawun mutane, kuma a jikin bango an adana kofin da Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya sha da shi a 1937 cikin gilashi. Al'adar ita ce ka fara sayen gasasshen wake mai ƙaras-ƙaras a shagon da ke tsallaken titi, ka zuba a kai. Cokalin farko na yamutsa fuska, na uku kuwa na fara tunanin ƙari. Ƙanina bai ƙarasa nasa ba.

Hirar da ta mamaye gidajen abinci a ƙarshen Disamban 2024 ta kuɗi ce. An sanar da mafi ƙarancin albashi na 2025, lira 22,104 a wata, ƙarin kashi 30 cikin ɗari, alhali hauhawar farashin shekarar da ta ƙare ta kai kashi 44 a lissafin hukuma. Ba sai ka iya Turkanci ba za ka gane. Doka ta tilasta wa masu abinci su kafe farashi a bakin ƙofa, sai ka ga an manna sabuwar takarda a kan tsohuwa, ita ma a kan wata. A gidan burodin unguwarmu na lura da wani allo da ake rubuta lamba a kai. Mai hali yakan biya kuɗin burodi biyu ya ɗauki ɗaya, a ƙara lambar, wanda ba shi da shi ya zo ya karɓa ba tare da an tambaye shi komai ba. Na ga wata tsohuwa ta karɓa, mai shagon ya goge lamba ya rubuta ta ƙasa da ita, idonsa a kan wani mai saye.

Watan Rajab ya kama a farkon Janairu. Daren Juma'ar farko na watan suna raya shi, masallatai su cika, gidajen burodi su jera kwalayen wasu ƙananan simit marasa zaƙi da ake kai wa iyaye da maƙwabta. Maƙwabciyarmu, wata gwaggo da ba mu taɓa wuce gaisuwa da ita ba, ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da kwali ɗaya. A ranar Lahadin da ta biyo baya muka yi sammako zuwa masallacin Ayyub Sultan, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake, wanda ya sauki Manzon Allah (SAW) a gidansa a Madina. Asubar Lahadi a can sai ka ce Idi. Ba mu samu wuri a ciki ba, a farfajiya muka yi salla a kan tabarma, sanyin dutse na hudowa ta gwiwa. Da aka sallame aka raba miya mai zafi a kofunan takarda.

Sau ɗaya na fita daga birnin, zuwa Bursa. Jirgin ruwa mai gudu ya kai mu gaɓar Mudanya cikin kamar awa biyu, daga nan mota. Bursa ce babban birni na farko na Daular Usmaniyya ta Turkawa bayan Sarki Orhan ya ci ta a 1326, kuma babban masallacinta mai ƙubba ashirin, da aka gama a 1399, yana da wurin alwala a tsakiyarsa, ƙarar ruwa na tashi mutane na karatu a gefe. Mun hau keken igiya zuwa dutsen Uludag mai tsayin mita 2,543. A ƙasa ruwa ake yi, a sama komai fari fat, itatuwa sun sunkuya da nauyin ƙanƙara. Ban yi gangancin ɗaura katakon zamiya a ƙafa ba, kallo ya ishe ni. Da muka sauko muka ci iskandar, abincin da garin ke taƙama da shi: yankakken nama a kan gutsattsarin gurasa, da miyar tumatir da kindirmo a gefe. Sai ga ma'aikaci da ɗan kasko yana tafarfasa, ya tsaya a kaina yana tsiyaya narkakken man shanu, yana jiran in ce ya isa. Na yi jinkirin faɗa da gangan.

Istanbul kanta ba ta ga dusar ƙanƙara sosai ba sai cikin Fabrairu, bayan kowa ya fitar da rai. Gwamna ya ba da hutun makaranta, aka kuma hana masu kai saƙo a babur fita, su da suka saba cika tituna da akwatunan abinci a baya. Birni ne mai tudu da gangare, ƙanƙara kaɗan ta isa ta tsayar da shi, kuma har yanzu ana tuna Janairun 2022 da ta hana jirage tashi a babban filin jirgin sama. Yaran layinmu suka fito da trey na shayi da ledojin shara suna zamiya a gangaren da ke sauka bakin teku. Maguna, waɗanda birnin ya shahara da su, suka shige ƙananan ɗakunan katako da kwali da mutanen unguwa ke ajiye musu a bakin ƙofa, wasu kuma suka mamaye kujerun shagunan shayi, ba mai korarsu.

Da yake ba mai kawo abinci gida, ranar lokantar dattijon ta cika maƙil, har da waɗanda ban taɓa gani ba, masu aiki daga gida da suka saba yin oda ta waya. Tagogi sun yi gumi, rigunan sanyi sun taru a kan ƙusa har suna zubowa. Miyar adas ta ƙare kafin ƙarfe ɗaya. Aka zaunar da ni tare da wasu samari biyu da ke gardamar ƙwallo, ɗaya ɗan Fenerbahce ɗaya ɗan Galatasaray, suka nemi in raba musu. Na ce ni baƙo ne, ba ni da gefe. Suka ce a garin nan ko jariri yana da gefe, kuma ba zan tashi daga teburin ba sai na zaɓa. Na duba wanda ya fi kusa da kwandon burodi na zaɓi nasa.