Lisbon da ƙafa: inda muka bi da abin da muka ci

Duk wanda zai je Lisbon, babban birnin Fotugal, abu na farko da zan ce ya tanada shi ne takalmi mai taushi wanda ba ya zamewa. Garin a kan tuddai yake, ya fuskanci Kogin Tejo, kuma hanyoyin masu tafiya a ƙasa an shimfiɗe su da ƙananan duwatsu farare da baƙaƙe, waɗanda sawu ya goge har suna sheƙi. Suna da kyan gani, amma ko yayyafi aka yi sai mutum ya riƙa taka su a hankali. Da yayata muka yi tafiyar, ita kuwa gwiwa na damunta, don haka tun farko muka yi shawara: duk inda hawa yake sai abin hawa ya kai mu, mu kuma mu gangaro da ƙafa. Wannan tsarin ne ya riƙe mu har muka bar garin, kuma ina ganin ko mai ƙoshin lafiya ya bi shi zai fi more yawonsa.

A tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ake sayen katin shiga, a zuba masa kuɗi, kati ɗaya kuma ya isa jirgin, da bas, da taragon lantarki, har da jirgin fito. Taragon da kowa ke magana a kai shi ne mai lamba 28, ɗan ƙarami mai launin rawaya, cikinsa na katako. Daga dandalin Martim Moniz yake tashi, ya kutsa lunguna masu ƙunci har mutum ya ga kamar zai gogi bangon gidajen mutane. Da hantsi layin masu jira ya yi tsawo, ciki kuma ba masaka tsinke. Mu bayan sallar asuba muka fito, muka samu kujera kusa da taga, tare da ma'aikata da tsofaffi masu zuwa kasuwa. In cunkoso ya kama ka, ka mayar da jakarka gaba, domin 'yan sane sun san baƙo hankalinsa na waje.

A ƙololuwar tudun tsohon gari akwai ganuwar São Jorge. Musulmi sun riƙe Lisbon sama da shekara 400, tun farkon ƙarni na 8 har zuwa 1147, lokacin da Sarki Afonso Henriques ya ci garin da taimakon mayaƙan Salibiyya daga arewacin Turai. A cikin harabar ganuwar an tono kufan gidajen Musulmi na ƙarni na 11. Na daɗe a wurin ina duban yadda ɗakuna suka kewaye tsakar gida, ga ragowar fenti a jikin bango, ina tunanin waɗanda suka yi alwala a nan. Yaya kuwa ta samu inuwar bishiya tana kallon ɗawisu da ke yawo a tsakanin mutane ba tsoro. Daga saman katangar ana ganin garin baki ɗaya: jan rufin gidaje, kogi, da doguwar gada can nesa.

Daga nan muka gangara ta tsohuwar unguwar Alfama. Kada ka wahalar da kanka da taswira a unguwar nan, ka dai riƙa bin gangara, ko ta ina ka bi bakin kogi za ka fita. Lungunan a murɗe suke, matattakala nan matattakala can, an shanya wanki a tagogi, ga kejin tsuntsu a rataye a ƙofar gida. A dandalin Portas do Sol muka tsaya muka huta, ba a biyan ko sisi. Da dare gidajen waƙar gargajiya da ake kira fado suna buɗewa a wannan unguwa, ga mai sha'awa.

Kana sauka unguwar Baixa za ka ga kamar wani gari ka shiga: tituna miƙaƙƙu sambal, gine-gine tsayinsu ɗaya. Dalili shi ne girgizar ƙasa ta ranar 1 ga Nuwamba, 1755. Da safe ta auku, ranar idin Kirista, coci-coci cike da jama'a da kyandirori. Waɗanda suka gudu bakin kogi neman tsira igiyar ruwa ta taso ta cim musu, sannan gobara ta yi kwanaki tana ci. Dubban mutane suka halaka. Alfama, da yake a kan dutse take, yawancinta ya tsira. Ministan sarki, wanda aka fi sani da Marquês de Pombal, shi ya sa aka sake gina Baixa, aka riƙa sa ƙwarangwal na katako a cikin bango don ginin ya yi lilo maimakon ya rushe. Cocin Carmo kuwa har yau ba rufi, bakan duwatsu ne kawai a tsaye, sama a buɗe. Ka shiga ka gani, ya fi duk wani bayani da za a yi maka game da ranar.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ɗan ƙaramin dandali ne kusa da babban dandalin Rossio, ana ce masa Largo de São Domingos. Yawancin baƙi wucewa suke yi. Da yamma za ka tarar da mutanen Afirka ta Yamma, galibi 'yan Gini Bisau, wasu da manyan riguna da huluna, suna zaune suna hira, wasu mata na sayar da gyaɗa da goro. Na yi wa wani dattijo sallama, ya amsa har da wabarakatuhu, ya matsa ya ba mu wuri. Ba ma jin harshen juna, amma da Yaya ta ce masa, “Baba, nagode,” ya gane, ya ɓare goro ya miƙo mata ɓari. Zaman baƙar fata a garin nan ba sabon abu ba ne. Tun 1444 jiragen Fotugal suka fara sauke bayi daga gaɓar Afirka, kuma a tsakiyar ƙarni na 16 kusan mutum ɗaya cikin goma na mazauna Lisbon bawa ne, mafi yawansu daga Afirka. A wannan dandalin kuma aka fara kisan kiyashin Yahudawa a 1506, akwai dutsen tunawa a wurin. Cocin da ke nan ta yi gobara a 1959, aka bar ginshiƙanta a ƙone da tsaguwarsu. Ka ba wurin nan lokaci, kada ka bi ta kansa da sauri.

To, sai batun ciki, wanda na san shi ne ke damun yawancin mutanenmu in za su Turai. Lisbon ta zo wa Musulmi da sauƙi ɗaya babba: mutanenta mayun kifi ne. Ka nemi ƙananan gidajen abinci na unguwa da suke kira tasca, inda ake shimfiɗa farar takarda a kan tebur, a rubuta abincin ranar da hannu a manna a ƙofa. In ka ga ma'aikata da tsofaffi sun cika wuri da misalin ƙarfe ɗaya na rana, shiga. Wuraren da ake tsayar da mutum a bakin titi yana kiran baƙi da hotunan abinci, sun fi tsada, kuma a ganina girkinsu bai kai ba. Kana zama za a kawo burodi, zaitun, bota, wani lokaci da cuku, ba tare da ka tambaya ba. Ba kyauta ba ne. Abin da ka taɓa za a sa maka a lissafi, wanda ba ka so sai ka ce a ɗauke, ba wanda zai ji haushi.

Gasasshen kifinsu ba a cika masa kayan haɗi. Gishiri ne mai tsakuwa da garwashin gawayi, sai a kawo shi da dafaffen dankalin turawa, a kwarara man zaitun. Na zuba ido ina kallon wani mai gashi a wani lungu a Alfama: ya jera sadin a kan waya, kitsen yana ɗiga a wuta yana tashi da hayaƙi, bai juya su ba sai da fatar ta yi ƙuraje ta fara baƙi. A kan yankan burodi ake ɗora kifin, a ci da hannu, daga baya a cinye burodin da ya sha mai. A watan Yuni ake ta cin sadin, lokacin bikin waliyyin Kirista Santo António, daren 12 ga wata, sai ka ga kowane lungu da murhunsa. Ban da sadin, ka tambayi dourada ko robalo, dukansu kifaye ne masu tsoka fara.

Abin mamaki, kifin da suka fi ji da shi ba a ruwansu ake kama shi ba. Bacalhau busasshen kifi ne mai gishiri da ake shigo da shi daga Nowe da Aisland, a shaguna za ka gan shi a jibge, a bushe ƙamas kamar kilishi. Sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana canza ruwa kafin a dafa. Wanda ya fi yi mini daɗi shi ne bacalhau à Brás: a yayyaga kifin, a haɗa da albasa da soyayyen dankali siriri, a kaɗa ƙwai a zuba a sauke tun yana da laushi, a watsa baƙin zaitun a kai. Bakinmu ya saba da yaji, don haka ka ce a kawo maka piri-piri, man barkono ne da kusan kowane gida ke ajiyewa.

Sai dai fa a yi hattara, naman alade na shiga inda ba ka zato. Miyar ganye da ake kira caldo verde da yankan tsiren alade a ciki. Bifana, burodin da ake sayarwa ko'ina, naman alade ne. Akwai girkin da ake haɗa kifin kwanso da alade, wasu miyar kifin kuma da giya ake dafa su. Na rubuta kalmomin nan, sunayen kayan alade da giya a harshensu, a takarda na sa a aljihu: porco, presunto, fiambre, chouriço, toucinho, banha, vinho. Duk inda muka zauna sai in nuna wa mai kawo abinci, kuma ban ga wanda ya yi ƙyashin shiga kicin ya tambayo ba. Ginjinha da ake sayarwa a ƙananan kofuna kusa da Rossio giya ce, kada launinta ya sa ka ɗauka zoɓo ne. In kwaɗayin nama ya taso, ka nufi titin Benformoso, a unguwar Mouraria, inda aka tsugunar da Musulmin da suka rage bayan 1147, har Sarki Manuel na Ɗaya ya ba da umarnin korarsu tare da Yahudawa a 1496. Yau 'yan Bangaladash da Fakistan ne suka cika titin, ga mahautan halal, ga shinkafa biriyani da gasasshiyar kaza da araha, ga ƙananan masallatai.

Unguwar Belém tana yamma da tsakiyar gari, a bakin kogi, kuma shimfiɗaɗɗen wuri ne, ranar gwiwar Yaya ta huta. Daga nan Vasco da Gama ya tashi a 1497 ya kewaye Afirka ya isa Indiya a 1498. Ribar masoro da kirfa da kanumfari ce ta gina katafaren gidan 'yan zuhudu na Jerónimos, wanda aka fara a 1501, kabarin Vasco da Gama ma yana cikin cocinsa. Ka shiga tsakar ginin ka dubi ginshiƙan da kyau, an sassaƙa dutse ya zama igiyar jirgi da ganyaye da dabbobin ruwa, kuma da wuya ka ga biyu iri ɗaya. Hasumiyar Belém daga waje ma ta isa kallo. Kusa da Jerónimos akwai shagon Pastéis de Belém, da ke toya ɗan kek ɗin nan na ƙwai da madara tun 1837, bayan an rufe gidajen 'yan zuhudu a 1834. Doguwar layin da ke waje ta masu saye su tafi ce. Ka wuce ciki, ɗakuna ne a jere masu farin tayil da shuɗi, ka zauna a kawo maka da zafinsa, ɓawon yana ƙaras-ƙaras, ka barbaɗa kirfa. Yaya ta ci ɗaya ta dube ni ta ce, “Ƙanena, ka ce a ƙaro.”

Ranar Juma'a muka je Babban Masallacin Lisbon, kusa da Praça de Espanha, wanda aka buɗe a 1985. Sahu ya haɗa 'yan asalin Mozambik, da 'yan Gini Bisau, da Larabawa, da mutanen Asiya. Tafiya kaɗan daga nan akwai gidan tarihin Gulbenkian, wanda aka buɗe a 1969 da kayan da wani attajirin man fetur Ba'armeniye, haifaffen Istanbul, ya tara kafin rasuwarsa a Lisbon a 1955. Akwai dardumomin Farisa, da tayil na Turkiyya, da fitilun masallaci na gilashi daga zamanin Mamluk masu rubutun Larabci a jiki. Lambun da ya kewaye shi kyauta ne, wuri mai kyau na hutawa bayan salla.

Da yamma ɗaya ka hau jirgin fito daga tashar Cais do Sodré zuwa Cacilhas a tsallaken kogi, minti goma ne, kuɗinsa kaɗan. Daga can za ka ga Lisbon gaba da gaba, da gadar da aka buɗe a 1966, wadda aka sauya wa suna zuwa 25 de Abril bayan juyin mulkin 1974. Gidajen kifi na can ma sun fi sauƙin kuɗi. Mai sauran lokaci ya shiga jirgin ƙasa daga Rossio zuwa garin Sintra, kamar minti 40, ya ga ganuwar Musulmi a kan dutse, amma ya tashi da wuri kuma ya riƙe rigar sanyi. Ka lura cewa Jerónimos da gidajen tarihi da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin, Gulbenkian kuma ranar Talata. Gidajen abinci suna rufe kicin bayan ƙarfe uku, ba sa sake buɗewa sai wajen bakwai da rabi. A watan Yuni magariba kan kai ƙarfe tara na dare, don haka mu kafin ta muke cin abincin dare, mu dawo masauki mu yi salla.