Wasiƙa daga Berlin: Fim ɗin yaƙin da bai yi wa kowa kirari ba

'Yan'uwa na gida, assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ya hunturu? Namu sanyin dai sai addu'a, kafin ƙarfe huɗu da rabi duhu ya rufe gari.

Sanyin ne ma ya kora ni wani ƙaramin gidan silima makon jiya, irin waɗanda ke haska tsofaffin finafinai. 'Yan kallon yawanci dattawa ne, kowa da furfurarsa da jibgegiyar rigar sanyi a kan cinya. Fim ɗin baƙi-da-fari ne, sunansa Westfront 1918, kuma a nan Berlin aka fara nuna shi a watan Mayun 1930. Na shiga don in ji ɗumi, na fito jikina a mace.

Daraktan, Georg Wilhelm Pabst, bai taɓa kwana a ramin yaƙi ba. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya riske shi a hanyar dawowa daga Amurka a 1914, Faransawa suka tsare shi a wani sansani kusa da Brest har aka gama. Labarin ya ɗauko shi ne daga littafin Ernst Johannsen, kamfanin Nero-Film na Seymour Nebenzahl ya zuba kuɗin. Sojojin Jamus huɗu ne a watannin ƙarshe na yaƙin: Karl, da wani ɗalibi, da wani mai barkwanci ɗan yankin Bavaria, da laftanan ɗinsu.

Wannan ne fim ɗin Pabst na farko mai magana. A lokacin kyamara ƙara gare ta kamar keken ɗinki, dole a kulle ta cikin akwati don kada makirfo ya kwashi kukanta, shi ya sa 'yan wasa a finafinan shekarun ke ƙamewa wuri ɗaya kamar turke. Pabst da mai ɗaukar hotonsa Fritz Arno Wagner suka ƙi yarda. Kyamararsu tana bin ramin, tana ratsa laka da wayar ƙaya. Ba su ɗora maka kiɗan da zai gaya maka inda za ka ji tausayi ba. Shewar harsashin igwa za ka ji, sannan dirarsa, sannan ƙasa na zubowa kan mutanen da ke tokare da rufin rami da kafaɗunsu don kada ya binne su. Dattijuwar da ke gefena sai da ta toshe kunne. Masu shirya fim na gida da ke ganin sauti aikin ƙarshe ne, da ma su kalli wannan.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai ba a fagen daga yake ba. An ba Karl hutu, ya nufi gida da ɗan guzurin abinci. Mahaifiyarsa na kan layi a ƙofar shagon nama, ta ji ɗanta ya dawo, amma ta kasa barin layin, don in ta fita shi ke nan. Ya isa ɗaki ya tarar da matarsa da yaron mahauci. Yunwa ce ta kai ta. Ya ɗaga bindiga, sai idonsa ya faɗa kan takardar kiran soja da aka aiko wa yaron, ya bar shi ya tafi. Har hutun ya ƙare bai yi mata kalma mai daɗi ba, ya koma rami kamar can ne gidansa. Duk wanda ya taɓa tsayuwar layin abinci tun asuba ba zai zagi tsohuwar nan ba.

Ina kallo ina tuna cewa wannan yaƙin ya iso har wajenmu. Sojojin Nijeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun gwabza da rundunar Jamus a Kamaru. Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora sai a Fabrairun 1916 ya miƙa wuya. Su ban taɓa ganin wanda ya bi raminsu da kyamara ba.

A ƙarshe laftanan ya haukace yana sara wa tarin gawa. Karl ya cika a asibitin sojoji, wani Bafaranshe da ke kwance kusa da shi ya kama hannunsa yana ce masa su ba abokan gaba ba ne, bai ma san ya riga ya tafi ba. Da aka rubuta "ƙarshe" a allo, sai aka bi shi da alamar tambaya.

'Yan Nazi ba su yafe wannan ba. Suna hawa mulki a 1933 suka haramta fim ɗin, Nebenzahl, wanda Bayahude ne, ya bar ƙasar. Shi kuwa Pabst, wanda shi ma ya bar ƙasar, abin haushi, ya dawo a 1939 har ya yi finafinai biyu a ƙarƙashinsu. Tun daga silima har tashar jirgin ƙasa nake juya wannan a raina, ban samu inda zan ajiye shi ba.

A gaida kowa da kowa. In akwai mai tahowa, a haɗo ni da yaji da kuka, nawa sun kusa ƙarewa.

Naku,
ɗan'uwanku a Berlin