Aikin Gayya a Fakon Adar

Kafin damina, ƙungiyarmu ta matasan Tawa takan fita ƙauyukan Adar domin farfaɗo da fako, ƙasar da ta taurare har ruwan sama ba ya ratsa ta. Muna haƙa tassa, ƙananan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa, dabarar da manoman Illela ta jihar Tawa suka ƙware a kanta. A ganina, kare tsiron gawo daga gatari ya fi dashen itatuwan da ake yi a Nijar kowace ranar 3 ga Agusta amfani, domin gawo yana zubar da ganyensa da damina, ba ya rufe gero da inuwa.

Idan rana ta take, mai gari yakan aiko da fura, a ɗora shayi, dattawa da samari su shiga gardamar kokawa.