Ku Daina Danna Enter Sau Biyu

Ƙannena masu rubuta kundin kammala karatu, da ku da kuka fara koyon aiki a shagunan buga takardu, akwai wata ɗabi'a da nake so ku rabu da ita tun hannu bai saba ba: danna Enter sau biyu a ƙarshen kowane sakin layi domin a samu fili tsakaninsa da mai bi masa. Gadon zamanin tafireta ce. A lokacin mai bugu ba shi da wata dabara sai ya tura hannun injin sau biyu takarda ta hau, kuma babu laifi, tunda abin da ya buga ya zauna a takarda ke nan. Rubutun kwamfuta kuwa ba a zaune yake ba. Ka ƙara kalma ɗaya a shafi na uku, duk abin da ke ƙasa sai ya gusa.

Da wannan ɗabi'ar na buga kundina na digiri. Enter biyu tsakanin sakin layi, idan kuma babi ya ƙare a tsakiyar shafi sai in yi ta dannawa har kan babi na gaba ya faɗa sabon shafi. A kwamfutata komai ya yi tsaf. Na zuba a fulash, na kai wani shago a bakin ƙofar makaranta, na ce a fitar a ɗinke. Ranar miƙawa ta matso, layi ya yi tsawo, ban tsaya na duba ba. Sai a cikin a-daidaita-sahu na buɗe, na ga "BABI NA UKU" zaune shi kaɗai a gindin shafi, bayaninsa yana can shafi na gaba. Babi na huɗu ya fara daga tsakiya, samansa fari fat. Lambobin shafi da na buga da hannu a jadawalin abin da ke ciki duk sun saɓa. Kuɗin bugun nan daga adashen mahaifiyata suka fito, kuma sai da na koma gida na sake neman wasu. Har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Mai shagon bai yi laifin komai ba. Fayil ɗina yana kan ma'aunin takardar Amurka da ake kira Letter, mai tsawon milimita 279, mu kuwa a nan A4 muke amfani da ita, mai tsawon 297 da faɗin 210. Da aka mayar da shi A4, shafi ya ƙara tsawo ya rage faɗi, layuka suka sake zama, Enter ɗin da na jera suka tashi daga inda na ajiye su. Ko da takarda ɗaya ce, idan nau'in haruffan da ka zaɓa babu shi a kwamfutar shago, Word, wato manhajar da ake buga rubutun da ita, zai ɗauko wani ya maye gurbinsa, abin da ya same ni ya same ka.

In kana son ka ga gaskiyar aikinka, danna Ctrl da Shift da 8 a tare. Wata alama mai kama da P juyayye za ta bayyana a duk inda ka taɓa Enter. Duk wadda ka gani zaune ita kaɗai a layi, a wurin kwamfuta cikakken sakin layi ne wanda ba kalma a cikinsa. Tana lissafa shi, tana ba shi wuri, in ya faɗo a saman shafi nan za ta bar shi.

Hanyar da ta dace ba ta da wuya. Ka danna dama a kan rubutun, ka zaɓi Paragraph. A ƙarƙashin Spacing akwai gurbi biyu, Before da After, wato filin da za a bari a sama da wanda za a bari a ƙasa. Ana auna su da pt, kuma pt 72 ne inci ɗaya. Ka sa 6 ko 8 ko 12 a After, ka bar Before a sifili, shi ke nan: Enter ɗaya, fili ya zo da kansa, kuma daidai yake daga shafin farko har na ƙarshe. Kada ka haɗa wannan da Line spacing da ke gefensa, shi tazarar layukan cikin sakin layi ne. Ɗalibai da yawa nan suke rikicewa, malami ya ce a buɗa tsakanin sakin layi, su je su buɗa layuka duka. A Google Docs abin yana ƙarƙashin Format, wurin Line & paragraph spacing. A LibreOffice kuma Above paragraph da Below paragraph ake ce musu.

Akwai ma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Tun daga Word na 2007, manhajar da kanta take sa fili bayan kowane sakin layi: pt 10 a wancan, daga na 2013 kuma pt 8. Ke nan mai danna Enter sau biyu ya samu filin farko, ya samu layi wofi, ya sake samun fili na biyu. Ku yi lissafin da kanku. Idan sashenku ya ce haruffa su zama 12, tazarar layi ninki biyu, layi wofi ɗaya ya haura pt 24. Guda huɗu a shafi sun kai wajen 100, alhali filin rubutu a A4 mai gefen inci ɗaya bai cika 700 ba. Kashi ɗaya cikin bakwai ke nan. A kundi mai shafi 70, kusan shafi 10 ka biya kuɗin farar takarda, kuma ba kwafi ɗaya ake nema ba.

Bayan na gane After sai na sake yin wani kuskuren, kuma shi na fi so ku kiyaye, domin wanda ya fara sani ne yake faɗa masa. Wata ƙanwata ta kawo mini nata aikin, na danna Ctrl da A na kama komai, na sa pt 12. Jadawalan alƙalumanta suka kumbura, wanda yake shafi ɗaya ya tsallaka na biyu. Nazarin rubutacciyar waƙa take yi, sai ga baiti mai ƙwar biyar ya watse, kowane ɗango ya ware daban, ba ka gane inda baiti ya ƙare wani ya fara. Ashe ba kowane rubutu ne yake son fili iri ɗaya ba.

Maganin shi ne Styles, akwatunan nan da ke jere a sama waɗanda kowa ke wucewa bai kula ba. Ka danna dama a kan wanda gundarin rubutunka yake kai, ka zaɓi Modify, ka saita tazarar a can sau ɗaya. Kan babi ka ba shi Heading 1, ƙananan kanu Heading 2, ka sa musu fili mai yawa a sama da kaɗan a ƙasa, domin kai ya jingina da bayaninsa, ba da abin da ya gabata ba. A cikin Paragraph ɗin dai akwai shafi na biyu, Line and Page Breaks. Page break before zai sa kowane babi ya fara a sabon shafi ko da wace takarda aka buga. Keep with next zai hana kai ya kwana shi kaɗai a gindin shafi. Da na san waɗannan biyun, da kuɗin adashen nan ba su salwanta ba. Ribar ƙari kuma, jadawalin abin da ke ciki Word ne zai haɗa maka daga kanun, lambobin shafi su riƙa gyaruwa da dannawa ɗaya. Malami ya ce a rage tazara? Wuri ɗaya za ka taɓa, kundi gaba ɗaya ya bi. Tun ran gini, ran zane: a yi wannan saitin kafin a buga kalmar farko.

Ga masu nazarin waƙa, a cikin baiti ku riƙa danna Shift da Enter. Zai sauko da ku sabon layi ba tare da ya buɗe sabon sakin layi ba, sai a ƙarshen baiti ku danna Enter zalla. Haka ma adireshi a saman wasiƙa.

Kafin komai dai, ku karanta ƙa'idar sashenku. Wasu tsarin APA suke bi, wata ƙa'ida ta tsara rubutun bincike, shi kuwa ba ya son ƙarin fili tsakanin sakin layi sam: tazarar layi ninki biyu, layin farko ya shiga ciki da rabin inci. A nan After sifili ne, shigar layin farko kuma a gurbin Special ake saita ta, First line, ba da danna sandar sarari sau biyar ba. A ganina ɗaya ya isa, ko shigarwa ko fili. Haɗa biyun yawa ne, sai in sashe ya tilasta.

Wanda ya riga ya buga shafi ɗari da Enter biyu kada ya karaya, kuma kada ya zauna gogewa ɗaya bayan ɗaya. Ka fara ajiye kwafi da wani suna. Sannan ka danna Ctrl da H, a gurbin sama ka rubuta ^p^p, a na ƙasa ^p, ka danna Replace All, ka maimaita har ta daina samun abin canzawa. Babuka za su manne da juna, wannan ba abin tsoro ba ne, Heading 1 da ka saita zai raba su. Ka bi shafin farko da shafin sa hannun malamai da ido, domin nan ne aka fi jera Enter, ka ba su nasu filin da Before.

In ka gama, ka tabbatar takarda tana kan A4, ka ajiye aikin a PDF, shi za ka kai shago, domin shi ba ya gusawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Ka ce a fara fitar da kwafi ɗaya ba ɗinki, ka samu benci ka zauna ka bi shi shafi-shafi, sannan a buga sauran.